Rashidi Yekini, Ɗan Kaduna Mai Riƙe Raga

Ƙannena ɗalibai, duk yammacin da kuka cika filin makaranta kuna tamaula, sunayen da nake ji a bakinku na 'yan wasan Ingila ne da na Sifen. Ni kuwa ina so in ba ku labarin wani da aka haifa a nan Kaduna tamu, ran 23 ga Oktoba 1963, wato Rashidi Yekini.

Iyayensa Yarabawa ne daga jihar Kwara ta yanzu. Ya soma wasa a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna, a zamanin da masaƙun Kakuri ke ɗaukar dubban ma'aikata, har suna riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo nasu. Daga can sai Shooting Stars ta Ibadan, wadda ya je wasan ƙarshe na zakarun Afirka da ita a 1984, Zamalek ta Masar ta doke su. Ya yi Abiola Babes, ya yi Africa Sports ta Abijan, sa'an nan a 1990 ya haye Turai, ya shiga Vitoria Setubal ta ƙasar Fotugal. A can ne tauraronsa ya haska sosai. A kakar 1993 zuwa 1994 ya ci ƙwallo 21, ba wanda ya kai shi a duk ƙasar. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka, shi ne ɗan Nijeriya na farko da hukumar ƙwallon Afirka ta ba wannan girma.

Amma abin da ya sa ba ma mantawa da shi, rigar ƙasa ce. Ya ci wa Nijeriya ƙwallo 37. A Tunisiya a 1994, da muka ɗauki kofin Afirka, biyar nasa ne. Sai kuma wasanmu na farko a gasar kofin duniya, da Bulgeriya, a birnin Dalas na Amurka. A nan gida dare ya raba kafin a fara. Mu kam a Ikara muka taru a gidan wani dattijon ikilisiya mai talabijin, Kirista da Musulmi, tabarma ɗaya, wasu ma daga ƙauyukan Makarfi suka zo a kan keke. Finidi ya miƙo ƙwallo, Yekini ya tura ta ciki, ya bi ta har cikin raga, ya kama zaren da hannu biyu yana girgizawa yana kuka. Babban mutum, ƙato, yana kuka gaban duniya! Dattijon nan ya ce mana wannan ba ihun fahariya ba ne, godiya ce. Ba wanda ya tambayi addinin mai ƙwallon, ko garin ubansa. Amokachi, shi ma haifaffen Kaduna, ya ƙara ta biyu, aka tashi uku da nema.

Bayan wannan, tafiyar ba ta yi daɗi kamar da ba. Ya je Girka, ya je Sifen, bai zauna da gindinsa ba. A 1997 ya koma Zurik ta ƙasar Suwizalan, ya yi kaka ɗaya mai kyau, har aka sake kiransa kofin duniya na 1998 a Faransa. Yana da shekara 41 ma ya sake ɗaura takalmi a wasannin cikin gida, a 2005.

Wurin da labarin ke sosa mini rai shi ne ƙarshensa. Ya zauna a Ibadan, ya janye daga mutane, aka yi ta maganar rashin lafiyarsa a jaridu. A ganina, ƙasar da ta yi ihu da sunansa a wancan dare ba ta neme shi yadda ya kamata ba sa'ad da ihun ya kwanta. Mu ma a nan muna da irin wannan hali. Yaron da ya ciyo mana kofi a wasannin makarantu, muna ɗaga shi a kafaɗa, amma in ya faɗi jarrabawa ya koma gonar rake a Kudan, wa ke zuwa gaishe shi?

Yekini ya rasu a Ibadan ran 4 ga Mayu 2012, yana da shekara 48. Aka kai shi Ira, garin iyayensa a jihar Kwara, aka binne shi a can.