Daga Maigatari Zuwa Agege a Motar Shanu

Ranar Alhamis Maigatari ke ci, kuma kafin magariba an gama loda shanu a tirelar da ta ɗauke mu zuwa Legas. An zuba yashi a ƙasan motar saboda santsi, aka ɗaure ƙahon kowane sa a jikin katako, yaran shanu suka ɗare can sama. Falken da na bi ya ninke takardar likitan dabbobi ya cusa a hula.

Wannan takarda tana da amfani, don ita ce shaidar cewa ba a kwashi ciwon huhu ko boru zuwa Kudu ba. Abin da ke cin ran falke shi ne abin da ke biyo bayanta: rasit ɗin jiha, na ƙaramar hukuma, na ƙungiya, ga shingayen da ba su da rasit ko kaɗan. Duk tsayawa kuɗi ne, kuma rana ce a gadon bayan dabbar da ba ta sha ruwa ba.

Irin wannan tatsa na cikin koken fataken abinci da shanu a Fabrairun 2021, lokacin da suka daina kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, har nama da tumatir suka yi tashin gwauron zabo a Legas.

Hukumar kiyaye haɗurra ta hana gwama mutane da dabbobi a tirela, kuma da gaskiyarta, rayuka da yawa sun salwanta a haka. Sai dai bayan Mokwa na ga wani yaro ya dira tsakanin ƙahonni cikin dare, tocila a baki, yana murɗa jelar san da ya durƙushe har ya miƙe. Ba don shi ba, da sauran sun tattake shi. Ya kamata doka ta san da zaman wannan yaro, ta kuma tanadi mashaya a hanya.

Mun haye gadar Jebba, muka wuce Ilori. Kusa da Ogbomosho wani bijimi ya kasa, aka sa masa wuƙa, mahauta suka saye shi a wulaƙance.

Falke bai yi dogon jimami ba. Asarar da kuɗin shinge duk zai cire su a kasuwa mai zuwa, daga farashin manomin da ya turke sansa tun kaka yana ɗura masa dusa da harawa, da niyyar sayen takin bana. Ko da muka isa mayankar Oko-Oba da ke Agege, falken ya riga ya fara lissafin nawa zai rage wa kowane kai.