Bargar Baffa da yaro mai sikila

A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa da Kunci, ba a koya wa yaro hawan doki da damina. Ba camfi ba ne, fili ne babu. Gona tana manne da gona, gero da dawa sun rufe ko'ina, abin da ya rage sai burtali da 'yar siririyar hanya tsakanin shinge. Sai an yi girbi, an kwashe kara, hunturu ya yi sallama, sannan gonakin nan su koma fili guda mai rairayi, inda ko yaro ya faɗo ba a kan tsandauri zai faɗo ba. Shi ya sa mai 'yar ƙaramar barga yake buɗe makarantarsa a bakin bazara, ya rufe ta ranar da ruwan shuka ya sauka.

Baffana, ƙanin mahaifina, yana cikin irin waɗannan. Dawakinsa uku: ingarma akawal wanda ba ya bari kowa ya hau, da goɗiya, da wani tsohon kili mai sanyin hali wanda yaran unguwa da yawa suka koyi zama a kan sirdi a bayansa. Ba ya karɓar kuɗi. Wanda ya kawo ɗa sai ya haɗo da kwanon dusa ko damin harawa.

Bana ɗan farina ya cika shekara 9. (Ba zan kama sunansa ba, masu karatu sun san kunyar ɗan fari.) Yana da amosanin jini, wato sikila, rukunin SS. Da ƙaramar sallah ya ga sa'o'insa suna kilisa, ya dawo gida ba ya maganar komai sai doki. Mahaifiyarsa ta ce a'a tun bai rufe baki ba, kuma ban ga laifinta ba, domin ita ce take kwana a zaune duk daren da ciwo ya taso. Amma na zauna na ƙirga abubuwan da aka riga aka hana shi: ƙwallo, wanka a rafi, wasa cikin ruwan sama, gwajin azumi irin na yara. Idan abokansa suna buga ƙwallo, shi ne mai tsaron takalma. Wannan ma ciwo ne, ko da yake ba a rubuta shi a katin asibiti. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya duk shekara. Ba zai yiwu dukkansu su girma suna tsaron takalma ba.

Maimakon mu yi ta ja-in-ja a gida, sai muka ɗauki tambayar muka kai wa likitansa ranar da yake ganinsa. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, sai da ya duba abu uku.

Na farko saifa. A jikin wasu yara masu sikila takan kumbura ta sauko ƙasa da haƙarƙarin hagu, inda babu ƙashin da zai kare ta. Kumburarriyar saifa tana iya fashewa idan yaro ya faɗo ko doki ya harbe shi, jini ya zuba a ciki ba tare da an ga komai a waje ba. Da ya same ta a kumbure, da maganar ta ƙare a nan. Na biyu ƙugu. Sikila takan toshe jijiyoyin da ke kai jini ga kan ƙashin cinya har ya fara lalacewa, kuma alamar farko ita ce ɗingishi ko ciwo a matsematsi, wani lokaci ma a gwiwa ake jin sa. Zaman sirdi da ƙafafu a ware yana matsa wa wannan gaɓa. Na uku shi ne gwajin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda ake yi wa yara masu SS daga shekara 2 zuwa 16 don gano masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma Kano tana cikin wuraren da aka gudanar da binciken da ya nuna amfanin maganin hydroxyurea wajen kare irin waɗannan yara. Duka ukun suka fito lafiya. Likita ya ce a gwada, amma da sharaɗi. Ina jaddada cewa wannan hukuncin yaronmu ne. Na yaronku sai an duba shi.

Sharuɗɗan kuwa ni aka ɗora wa kai su ga Baffa, mutumin da ya fara hawa tun ba a haife ni ba.

Na yi zaton lokaci ne zai zama abin gardama, ashe shi ne mafi sauƙi. Zafin Afrilu a Kano yakan kai digiri 40, kuma ƙarancin ruwa a jiki da gajiya mai tsanani suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Da na ce a yi hawan bayan gari ya waye a sauka kafin hantsi ya dubi ludayi, sai ya ce, "Kai, wa ya gaya maka ina fitar da dabbata da rana tsaka? Ko don dokin ba zan yi ba." Batun ruwa ne ya buƙaci bayani. An saba cewa a dubi launin fitsari, idan fari ne to ruwa ya wadata. Wannan ma'auni ba abin dogaro ba ne ga mai sikila, domin ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata. Takan ci gaba da zubar da farin fitsari ko jiki yana bushewa. Don haka ba ma jiran ƙishirwa. Kofi kafin ya hau, kofi a tsakiya, kofi da ya sauka, ko yana so ko ba ya so.

Hular kwano ce ta kusa raba mu. Baffa ya ce shi bai taɓa ganin jikan mahaya da kwanon 'yan acaɓa a ka ba. Na bar shi ya gama, sannan na ce, "Allah ya ja kwana, Baffa, to 'yan lifidin Sarki me suke sawa?" Ya yi shiru, domin ya fi ni sanin kwalkwali. Mutanen da suka fi mu iya doki ba su ga ragwanci a kare kai ba. Kan yaron da ke kan sirdi ya fi mita 2 daga ƙasa, kuma raunin kai ne ya fi kashe mahaya. Abin da ya dace shi ne hula irin ta 'yan folo, daidai kan yaro, da igiyar haɓa a ɗaure. Hular da take lilo, ko wadda ba a ɗaure ba, ado ce kawai. Yanzu hula ɗaya ce a rataye a bargar, yara uku masu kai kusan ɗaya suna karɓa-karɓa, kuma na lura babu uwar da ta yi ƙorafi.

Akwai wani haɗarin da ya shafi kowane yaro, mai sikila da marar ita, wanda ban ji ana ambatarsa ba. A wajenmu kashin doki dukiya ne. A wannan lokaci ne ma ake loda taki a mangala ana kai wa gona. To ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, tana iya shekaru ba ta mutu ba. Ƙaya, ko tsohuwar ƙusa, ko gefen likkafa ya ishe ta ƙofa, kuma alamarta takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da an manta da raunin. Allurar penta da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 tana ɗauke da rigakafinta, amma ƙarfinta yana raguwa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin allura uku kafin yaro ya balaga. A nemo katin rigakafi a kai asibiti a tambaya. Kada yaro ya shiga barga ba takalmi. Idan ya ji rauni a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, ban da toka, ban da ƙasa, a kuma nuna wa ma'aikacin lafiya.

Sai dokar faɗuwa. Ƙa'idar mahaya ita ce wanda ya faɗo ya koma sirdi nan take don kada tsoro ya zauna masa. Na fahimci hikimar, amma ban yarda da ita ba idan kai ya bugu. Yaron da ya buga kai ya gama hawa na ranar. Idan ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko ya yi ta amai, ko barci ya rinjaye shi, ko maganarsa ta rikice, ko ya yi jijjiga, ko ruwa ko jini ya fito ta kunne ko hanci, asibiti za a nufa ba gida ba. Ga mai sikila akwai ƙari: ciwon ciki ta hagu, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, numfashi sama-sama, ko zazzaɓi. Ciwon ƙashi bayan faɗuwa kuwa yana iya zama karaya, yana iya zama tashin sikila, yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashin, kuma hannu ba ya rarrabe su. A ɗauki hoto kafin a kira mai ɗori. Asibitin Ƙashi na Dala ba shi da nisa da mu. Baffa bai amsa wannan da baki ba, amma ya sa an rubuta lambar wayata da gawayi a bangon barga.

Mako huɗu ke nan da farawa. Makon farko yaron bai hau ba sam. Baffa, wanda yake kiransa "abokina" kamar yadda kakanni suka saba, ya sa shi ya koyi tunkarar doki ta kafaɗa ba ta baya ba, da riƙe ragama ba tare da naɗa ta a hannu ba, da duba majayi kafin a sa ƙafa a likkafa. Yanzu yana zagaya gona a kan kili, wani saurayi yana yi masa zagi. Asabar ɗaya bai je ba, hannu ya yi masa ciwo tun daren Juma'a, ya sha magani ya kwanta. Da ya koma, tsohon ya tarbe shi da tsiya, wai doki ya yi ta cigiyar raggo. Mahaifiyarsa har yanzu ba ta ce ta yarda ba. Ita ce dai take cika gorar ruwan tun asuba.

Abin da ke gabanmu shi ne babbar sallah. Yaron ya sa rai zai hau tare da sa'o'insa. Hawan sallah kuwa yakan kai rana tsaka, cikin ƙura da turmutsutsu da ƙarar bindiga, ga kaya masu nauyi, ga jira na sa'o'i a kan sirdi ba inuwa. Likita ya ce ba bana ba. Baffa ma ya ce ba bana ba, don yaron bai iya riƙe linzami shi kaɗai ba tukuna. Na roƙi Baffa shi ya gaya masa, da dalilinsa na linzami, ya ce zai yi ranar Asabar bayan sun sauka.