Yama: masallacin da aka yi shekara 20 ana ba da labarinsa

Duk wanda ya bar Birnin Ƙonni ya nufi Tawa, in ya karkata daga Tsarnawa ya yi arewa, zai ratsa ƙasar Adar, ƙasar duwatsu da fadamu da albasa. A nan, ba nisa da Badagishiri, garin Yama yake. Gari ne na manoma kamar sauran garuruwan yankin, amma tun daga nesa baƙo zai hangi hasumiyoyi huɗu na jar ƙasa sun ɗara dukkan rufin gidaje. Su ne suka kai ni can, kuma abin da na gani shi ne nake son in faɗa wa masu karatu.

A shekara ta 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka damƙa aikin ga wani ɗan garin, Falke Barmu, manomi kuma magini. Abin da ya fara ginawa ba shi da wani ado: ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai masu riƙe da rufi, da gurbin liman wajen alƙibla. Kowa ya kawo nasa ƙoƙari, wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka nemo itace.

Da na zauna cikin inuwar bangon sai na tuna da kakata lokacin da take yi mana gatana da dare. Ita ma haka take farawa, da abu kaɗan: mutum guda, gari guda, matsala guda. Sai ta ga mun natsu kafin ta soma ƙara wa zance gishiri. Magini da mai ba da labari duk tushe suke fara kafawa, domin in tushe bai zauna ba, duk abin da aka aza bisa rushewa zai yi.

A 1975 rufin ya bukaci gyara. Falke Barmu bai tsaya ga toshe ɓaraka ba, sai ya sake rufin baki ɗaya, ya aza shi bisa bakuna na sanduna da aka ɗaure aka tanƙwara aka lulluɓe da ƙasa, ya kuma ɗaga tulluwa a tsakiya. Wannan shi ne abin da marubuci ke yi in ya koma ga rubutunsa bayan shekaru: ya ga inda zance ya yi rauni, ya cire, ya sake, ba tare da ya taɓa asalin labarin ba. Magina Hausawa na kiran irin wannan baka da suna bakan gizo, kamar wanda ke fitowa a sama da damina. Ashe ko a cikin gini ba a raba mu da Gizo.

Hasumiyoyin su ne suka zo daga baya, aka gama su a 1982. Na zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi kama da ƴar uwarta. Kowace tana da faɗi a gindi, tana tsukewa in ta yi sama, amma kowace da nata tsari, da nata tagogi, da nata kai. Labarin da dukkan mutanensa ke magana da murya ɗaya ba ya daɗin ji. Mai hikima shi ne wanda ke ba kowa halinsa, amma ya sa su zauna gida ɗaya. Haka maginin Yama ya yi. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, sunan wannan ƙaramin gari ya shiga duniya.

Sai dai akwai wata kama tsakanin gini da labari wadda ta fi damuna. Ginin ƙasa ba a gama shi. Ruwan sama na zaizaye shi, in ba a sake yaɓe ba sai ya tsage, daga nan ya zube. Gatana ma haka take, in aka daina faɗinta sai ta mutu tare da tsofaffi. Yau a garuruwanmu wanda ya samu kuɗi siminti da kwano yake nema, ko da zafin bazara zai kore shi daga ɗakin, samari kuwa ba su cika son gadon magina ba, suna ganin sana'ar talaka ce.

Amma akwai abin da ke sanyaya zuciya. A Dandaji, cikin wannan jiha ta Tawa, an so rushe wani tsohon masallacin ƙasa da ya tsufa. Ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou, masaniyar zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ƴar Iran, suka gina sabon masallaci a gefe da tubalin ƙasa, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama aikin a 2018. Ba su shafe labarin da suka tarar ba, babi suka ƙara masa.

Saboda haka muna kira ga magabata da masu hannu da shuni da su dubi waɗannan gine-gine da idon rahama, su taimaki maginan da suka rage su koyar da yara tun suna da rai. Ku kuwa masu karatu, duk wanda hanya ta bi da shi Adar, ya daure ya ratse Yama, ya yi salla cikin sanyin wannan masallaci, ya zo ya ba ƴaƴansa labari.