Karatu a Tsallaken Komadugu

Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Damasak lokacin da 'yan Boko Haram suka faɗa wa garin, ranar Litinin 24 ga Nuwamba 2014. Asalina mutumin Haɗeja ne. Aiki ya kai ni ƙasar Mobbar, na yi aure a can, na zauna. Da harbi ya tsananta babu wanda ya tsaya ɗaukar kaya, kowa ya nufi bakin kogi. A wannan lokaci na shekara kogin Komadugu cike yake, kuma ba kowa ya iya iyo ba. Ruwa ya ci mutane a kan idonmu. Masu sauran kwana muka tsallaka zuwa Gagamari da Shatimari, cikin jihar Diffa ta ƙasar Nijar. Sai daga baya muka ji abin da ya sami 'yan firamaren Zanna Mobarti, yara wajen 300 da aka tsare cikin makarantarsu, aka kuma tafi da su. Wasunsu ƙannen ɗalibaina ne.

Mutanen Diffa sun yi mana abin da Allah kaɗai zai biya su. Dangi ne dama a kowane gefen kogin, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, ana auratayya tun kafin zuwan Turawa. Mai ɗaki biyu ya bar wa baƙo ɗaya. Mai gonar tattasai ya ɗauki samarinmu tsinka. A sha'anin ci da sha da wurin kwana ba mu ji mun bar gida sosai ba. Ranar da na san lallai na shiga wata ƙasa ita ce ranar da na tattara yaranmu na kai su makaranta.

Daraktan da na samu dattijo ne mai kirki, yana jin Hausa ras. Ya dubi ƙananan ya ce, "Waɗannan kawo su gobe, Malam. Ko a ƙasa za su zauna, mun karɓa." Sannan ya dubi manyan, ya yi shiru. Cikinsu akwai yarinyar da ke aji biyar na sakandare, shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage mata ta rubuta jarrabawar fita. Na ce, "Mushe, waɗannan fa?" Ya ce, "Malam, wallahi ban san ajin da zan sa su ba. Ba su jin Faransanci, ni kuma ba ni da takardar da ta ce aji kaza na wajenku daidai yake da aji kaza na wajenmu."

Gaskiya ya faɗa. Mu a Najeriya shekara 6 ake yi a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba, da Turancin Ingilishi. Su a Nijar bayan shekara 6 na firamare sai 4 a kwaleji a rubuta BEPC, sannan 3 a lise a rubuta Bak, duk da Faransanci. Yaro ɗan shekara 7 kansa ɗanye ne, kafin shekara ta zagayo ya kama sabon harshe. Amma budurwa 'yar 17 da ta riga ta yi nisa a ilimin sinadarai, a ce ta koma ta zauna da 'yan shekara 8 tana koyon baƙaƙe, an gaya mata ke nan ta haƙura da karatu. Da yawa sun haƙura. Wasu an aurar da su kafin damina. Samarin kuwa suka shiga dako da tura ruwa, kuma duk wanda ya san yankin ya san su wane ne ke farautar saurayin da ba shi da abin yi.

Ana cikin haka wutar ta tsallako. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da tattasai don toshe wa maharan hanyar kuɗi. Makarantu sama da 100 na bakin kogi da gefen Tafkin Chadi suka rufe. Waɗanda suka sauke mu jiya su ma suka zama 'yan gudun hijira a ƙasarsu, suka jera bukkoki a gefen kwaltar da ta taso daga Damagaram. Na ga malaman Nijar suna koyarwa a rumfar zana, iska na kwashe allo. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce a fara da 'ya'yan ƙasa tukuna ba.

A irin wannan hali ne aka buɗe cibiyoyin karatun sakandare na 'yan gudun hijira a jihar Diffa. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawo kuɗi da kayan aiki. Hukumomin Nijar suka yarda a koyar da manhajar wata ƙasa, da harshen wata ƙasa, a cikin ƙasarsu. Ɓangaren Najeriya kuma aka yarda a yi wa yaran rajistar jarrabawa kamar kowane ɗalibi na gida. Mai karatu zai iya ganin wannan ƙaramin abu ne. Ni da na ga yadda kowace gwamnati ke kishin manhajarta, na san ba ƙarami ba ne. Aka nemi malamai daga cikinmu, na ba da sunana.

Wahalar farko ita ce ta takardu. Babu yaron da ya fito da sakamakon zango ko takardar haihuwa. Masu ajiye su a gida sun bar su, na ofisoshin makaranta kuma wuta ta cinye. Sai muka zauna mu malamai muka tsara gwaji na kowane aji. Yaro ya ce aji huɗu yake, mu gwada shi, mu nemi malamin garinsu ko wani dattijo ya shaida. Wasu sun ƙara wa kansu aji don su gama da wuri, wasu sun rage don tsoro. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, don haka malamin kimiyya yakan zana kwalba da ma'auni a allo ya ce su ƙaddara suna gani. Da tsakar rana zafin Diffa ba ya barin kowa ya yi tunani, sai mu tashi mu dawo bayan la'asar, mu kuma sallame su da wuri saboda dokar hana fita.

Akwai wani yaro da shan inna ya shanye wa ƙafafu, kekensa ya bari a Damasak. Abokansa biyu ke goya shi zuwa aji suna karɓa-karɓa, har wani maƙeri a kasuwa ya haɗa masa wani da tsofaffin ƙafafun keke. Shi ne gwanin lissafin ajina. Yarinyar nan kuwa 'yar aji biyar, sai da na je wurin kawunta, don mahaifinta bai tsallako ba. Ya ce, "Malam, ni baƙo ne a nan, ina zan kai budurwa? Gara ta tafi ɗakinta." Na ce, "Baba, ba mu shekara ɗaya. In ta rubuta jarrabawa, duk abin da ka yanke ba zan ce uffan ba." Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "To, amana ce a hannunka."

A shekarun farko babu inda za a rubuta jarrabawar Najeriya a Diffa, dole sai an kai yaran Kano. Maiduguri ta fi kusa nesa ba kusa ba, amma hanyar ba ta biyuwa. Sai muka yi yamma: Maine-Soroa, Gure, Damagaram, Matamaye, muka shiga ta Ɗan Barto da Kwangwalam, muka bi Daura da Kazaure, tafiyar kilomita wajen 700. A kowane shinge jandarma zai hau mota ya ƙirga kawuna ya duba takardar izini. Takardar nan, mai hatimin hukuma, ita ce ta buɗe mana kowace sarƙa. A bakin iyaka wani jami'i da ya ji ko su wane ne ya leƙo ta taga ya ce, "'Ya'yana, Allah ya ba da sa'a. Ku rubuta da kyau." Wasu yaran suka fashe da kuka, tun ranar da suka tsallake kogi ba su sake taka ƙasarsu ba sai ranar. Da sakamako ya fito yarinyar ta ci, kawunta kuma da kansa ya ce ta ci gaba.

Ba na cikin masu cewa tarukan gwamnatoci ɓata lokaci ne. A 2015 Najeriya da Nijar duka sun amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙaddamar a Oslo, kuma a shekarar ne ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin ilimi mai inganci ga kowa kafin 2030. A Yuni 2016 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka zauna a Abuja kan kare mutanen da rikicin Tafkin Chadi ya raba da gidajensu. Na ga amfanin irin waɗannan takardu da idona: ƙaramin jami'i ba ya sa hannu sai ya san akwai abin da zai jingina da shi a sama. Daga baya ma hukumar NECO ta amince a riƙa rubuta jarrabawarta a Diffa, aka huta da doguwar tafiyar nan.

Damuwata ita ce abin da muka samu ya tsaya ne a kan kuɗin masu agaji da kirkin ɗaiɗaikun mutane. Cibiyoyin sun ɗauki kaɗan, dubbai suna waje. Sannan da aka fara mayar da mutane gida, irin su garin Malam Fatori a 2022, matsalar ta juyo da baya. Ƙananan nan da daraktan ya karɓa sun girma da Faransanci. Na ga yaron da ya gama firamare a Nijar, ya kawo takardarsa, shugaban makarantar da ya kai wa a Barno ya juya ta sama da ƙasa bai iya karantawa ba, ya mayar da shi aji uku. Ba mugunta ya yi ba. Shi ma, kamar takwaransa na tsallake, ba a ba shi abin da zai duba ba.

Abin ba gagararre ba ne. Hukumar WAEC, wadda aka kafa tun 1952, tana haɗa Najeriya da Ghana da Saliyo da Gambiya da Laberiya a kan jarrabawa ɗaya, ga shi babu ko ɗaya cikin sauran da ta haɗa iyaka da Najeriya. Ƙasashen gabashin Afirka sun sa hannu a Jibuti a Disamba 2017 cewa za su shigar da 'ya'yan 'yan gudun hijira cikin makarantunsu, su kuma amince da takardun juna. Mu muna da hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tun 1971, da ofishinta a Yamai. Muna da taron gwamnonin yankin Tafkin Chadi da aka fara a Maiduguri a 2018. A Maradi kuwa, inda mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwarara tun 2019 saboda 'yan bindiga, yaran gefe biyu duk Hausa suke yi a gida, kuma masana ƙasashen biyu sun daidaita ƙa'idojin rubutunta a Yamai tun 1980. Me zai hana littafin ajin farko ya zama ɗaya?

Na san dangantaka ta yi tsami tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. An rufe iyaka na tsawon watanni, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Wannan rigimar manya ce, ba ni da ta cewa a cikinta. Roƙona ga ministocin ilimi na Abuja da Yamai, da gwamnonin Barno da Yobe da Diffa da Maradi, abu uku ne masu sauƙi. A fitar da shafi ɗaya mai nuna wane aji ne daidai da wane, a aika wa kowane shugaban makaranta na bakin iyaka. A riƙa ba yaro takardar sakamako da harsuna biyu. A kuma rubuta a sa hannu cewa ko an rufe iyaka, za a bar ɗalibi da malaminsa da takardun jarrabawa su wuce.