Tsoho bai ruɗe ba, haka labari yake tafiya



Akwai maganar da nake yawan ji a bakin samari in dattijo ya kama ba da labari: "Baba, taƙaita mana, ka faro daga farko." Wai tsoho ya ruɗe, ya faro daga jiya, ya faɗa zamanin Kunce, ya koma lokacin Nasara, sannan ya dawo. Ni dai ban yarda ruɗewa ce ba.

Ku duba littattafanmu na farko. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, daga ƙarshe ya faro: malam ya riga ya manyanta a Rauta, almajirai suka tambaye shi asalinsa, sai ya koma ƙuruciya da yadda aka sace shi. Ana cikin haka aka ajiye shi, aka bi uwarsa da ta ratsa hamada tana nemansa. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, na 1937, aku labari yake sakawa cikin labari don ya riƙe Musa ɗan sarki har gari ya waye, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Kun ga, can labari jan lokaci yake yi don ceton rai.

Ina da gwaggo da ta yi aiki a furojen Keita, wanda Italiya ta ba da kuɗinsa, aka fara a 1984. Mata ne suka fi yawa wurin ɗaukar duwatsu da dashen itace, don maza sun tafi bida, kuma da abinci ake biyansu. In ka tambaye ta wannan aiki, wallahi ba za ta faro daga 1984 ba. Sai ta nuna maka wani icce ta ce ita ta dasa shi. Daga nan ta koma yunwar da uwarta ta ba ta labari, yadda aka sha ganye har ciki ya ƙi karɓa. Ta tsallako zuwa ɗanta da ke aiko kuɗi ta waya, sannan ta dawo kan buhun abincin da ta ɗauko a ka ranar biyan farko. Sai a nan za ka gane me ya sa buhun ya sa ta kuka: yunwar uwarta ta tuna, kuma da abincin ta raini yaron nan mai aike. Da ta jera abin bi da bi, shekaru kawai za ka ji, dalilin kukan ya ɓace.

Abin da ke damuna ke nan. Yanzu yaranmu suna ɗaukar muryar tsofaffi da waya, abu mai kyau, Allah ya yi musu albarka. Amma sai a yanke, a jera, a mai da hirar awa guda minti biyu don WhatsApp. Abin da aka zubar da sunan surutu, sau da yawa shi ne gishirin maganar. Waɗanda suka ɗauki duwatsun Keita kuwa suna ta raguwa, shekara 40 ba kwana 40 ba ce.

To, roƙona gare ku: in za ku ɗauki tsoho, ku bar shi ya zagaya. Kada ku katse shi da "wace shekara ce?", ku ajiye tambayar sai ya sauke. In kun yanke guntu don turawa, ku adana cikakken, ku ba wani ɗan uwa kwafi, don waya tana ɓata, tana lalacewa.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.