Yadda na mayar da tsohon Ralin Baba motar ɗaukar kaya, da kuskuren da ya ci mini jarkar mai

Yau ba zancen waya ko data zan yi ba, zancen keke ne, amma shi ma fasaha ce, kuma ta shafi aljihu.

Ina da ɗan shagon kayan masarufi a Ƙauran Namoda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin da nake ba ɗan acaɓa ya ɗauko mini kaya daga kasuwa ya fara cinye ribar. Sai na tuna da keken Baba, Allah ya jiƙansa, Rali mai giya uku da ke jingine a zaure. Da shi yake zuwa cin kasuwar Shinkafi da ta Zurmi lokacin da hanya take lafiya. Ni kam a halin da ake ciki, iyakata cikin gari.

Na kai wa mai walda tayoyin keke biyu, ya haɗa mini 'yar tirela kamar ƙaramin amalanke.

Giyar wannan keken ba irin ta waje ba ce mai faranti-faranti. Tana ɓoye cikin tulun nan na tsakiyar tayar baya, ƙirar Sturmey-Archer ta garin Nottingham a Ingila, waɗanda suka fara irinta tun 1902. A giya ta 1, in faranti mai haƙora na baya ya juya sau 4, taya sau 3 za ta juya. A ta 2 kai ɗaya suke tafiya. A ta 3, faranti sau 3, taya sau 4. Daɗinta biyu ne: yashi da ƙurar garinmu ba sa shiga ciki, kuma kana tsaye cak za ka iya sauya giya. Mai jan kaya ya san darajar wannan, domin in akuya ta tsayar da kai, sai ka koma ta 1 ka tashi ba wahala.

To ga inda na yi wauta. Wajen ɗaura ƙarfen da ke riƙe tirela a ƙarƙashin notin hagu, sai aksil ɗin ya yi gajarta. Na ga wata wosha mai ɗan kunne, na ce wannan ai cin wuri kawai take yi, na cire ta na jefa aljihu.

Kwana uku lafiya lau. Rana ta huɗu na ɗoro buhun suga mai kilo 50 da jarkar man gyaɗa biyu, duka bashi na karɓo. Kusan kilo 100 ke nan. Na zo ɗan hawa, na miƙe tsaye na danna feda da ƙarfina, sai kawai na ji ta tafi fayau kamar an tsinke sarƙa. Gwiwata ta daki kan keke, muka kife, tirela ta wuntsila, murfin jarka ɗaya ya ɓalle. Ina kallo rabin man ya bi yashi. Wallahi zafin man ya fi na gwiwar.

Wani dattijo mai gyaran keke na kai wa. Ya duba, ya ɗago ya ce, "Yaro, ina woshar nan?" Na zaro ta daga aljihu. Ya girgiza kai ya ce, "Ita ce ke riƙe da kai, ka sa ta aljihu."

Na ce, "Baba, yi mini bayani."

Ashe a irin wannan giyar, aksil ɗin ba ya juyawa, kuma duk lokacin da kake ta 1 ko ta 3, haƙoran ciki a jikinsa suke dogara, suna neman murɗa shi. Woshar mai kunne ita ke hana shi. Da na cire ta, nauyin kaya ya sa ya goce, saitin wayar giya ya lalace. Tsohuwar ƙirar kuma tana da wani gurbi tsakanin ta 2 da ta 3 inda feda ba ta kama komai. Nan na faɗa.

Ga abin da na koya, ga mai son gwadawa:

1. Kada ka taɓa woshar nan. In aksil ya yi gajarta, a ɗaura mariƙin tirela a jikin ƙarfen keken ta hagu, domin ta dama 'yar sarƙar giya take fitowa.

2. Saita giya a ta 2. Kafaɗar ɗan sandan da ke maƙale da 'yar sarƙar ta zo daidai bakin aksil. Duk sanda ka kwance taya, sake dubawa.

3. Sassauta ƙafa kafin ka sauya giya, kuma ka bar miƙewa tsaye kan feda da kaya.

4. Ƙara girman farantin baya. Nawa mai haƙora 18 ne, na sa mai 22, aka ƙara tsawon sarƙa. Gudu ya ragu, amma hawa ya zo da sauƙi.

5. In wayar giya ta tsinke, keken ta 3 zai koma, mafi nauyi. Sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

6. Ɗiga mai marar kauri ta 'yar ƙofar da ke jikin tulun. Ban da man gyaɗa, daskarewa yake yi ya riƙe ƙananan ƙarafan ciki.

7. Birki ya fi giya muhimmanci. Kaya na tura ka daga baya, kuma in wili ya jiƙe da damina birkin ba ya kamawa sosai. Jera kaya mai nauyi a ƙasa, saitin tayoyin tirela, ka ɗaure tamau.

Sai da na yi wata biyu kafin na gama biyan kuɗin man. Yanzu ba na wuce kilo 70, gara in yi sawu biyu. Woshar tana wurinta, kuma kullum da safe sai na ɗora sifana kan notin nan kafin in ce bismillah in hau.

Allah ya tsare mu, ya dawo mana da zaman lafiya a hanyoyinmu.