Ranar Da Kwamfutata Ta Ƙi Tashi

 Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, labarin wani tashin hankali ne da ya same ni a gidanmu da ke Mada, cikin ƙaramar hukumar Gusau, a hunturun 2024.

Tun ina aji uku na sakandare nake rubutu a littafin makaranta, don tsofaffin littattafan Anti Bilki Funtuwa da na Balaraba Ramat Yakubu da na tarar a akwatin yayata su suka cusa mini sha'awa. Da na gama makaranta sai Yayana, wanda yake karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, ya sayo mini kwamfutar tebur 'yar gwanjo a Gusau. Baƙa ce, tsohuwa, tana da gurnani kamar injin markaɗe, amma wallahi ji nake da ita kamar ƙwai. A cikinta na buga littafina na uku, wata takwas cur ina fama, ni da ƙaramin janaretonmu. Mun riga mun yi magana da wani mai sayar da littattafai a Kano, kuma da kuɗin da zai ba ni na ci burin biya wa ƙanwata kuɗin jarrabawar fita sakandare.

Daren Talata ina cikin buga babi na ƙarshe mai ya ƙare a janareto. Ya yi ta shiɗewa yana farfaɗowa, ƙwan ɗaki ya yi ja, ya yi fari fat, sannan komai ya ɗauke. Ban kawo komai a raina ba na je na kwanta.

Washegari na sayo mai, aka tayar da janareto, na danna madannin kwamfuta. Shiru. Na sake dannawa. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Babu 'yar fitilar nan mai ƙyaftawa, babu kukan fanka, babu komai. Gabana ya yanke ya faɗi, na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba ni da kwafin littafin a ko'ina, hatta takardun da na fara rubutawa da hannu tuni ƙannena suka yi jirgin takarda da su.

Inna ta shigo ta same ni zaune a ƙasa hawaye sharɓe-sharɓe. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ya hwaru? Wa ya mutu?"

Na ce, "Inna, littafina ne ya tafi."

Kafin azahar labari ya gama unguwa, kowa da shawararsa. Wata maƙwabciyarmu ta ce a shanya ta a rana, wai sanyi ne ya kama ta. Wani yaro ya ce a buga mata tafi a gefe yadda ake yi wa tsohuwar rediyo. Ni kuwa na ce Gusau zan kai ta, Inna ta ce ba ta san zancen ba, yadda hanya take a wannan hali na rashin tsaro ba za ta bar ni na shiga mota saboda akwatin ƙarfe ba.

Sai bayan la'asar na samu Yaya a waya. Ya bari na gama kukana tsaf, sannan ya ce, "To kin gama? Share hawayenki ki saurare ni. Rubutunki yana cikin wata 'yar ma'ajiya da ake kira had disik, ita ba ta mantuwa don an ɗauke wuta. Ko da kwamfutar ta mutu murus, ana iya ciro ta a karanta a wata. Yanzu bin wutar za mu yi tun daga bango har cikin akwati, mu ga inda ta tsaya."

Na ce, "Yaya, ni me na sani a harkar wuta?"

Ya ce, "Kin iya duba risho in ya ƙi kamawa? Ai sai kin duba kananzir kafin ki zargi lagwani. Haka wannan ma."

Da farko ya sa na soka cajar waya a soket ɗin bango, ta kawo. Ya ce na cire doguwar wayar jone da nake haɗa komai a kai, na soka kwamfutar kai tsaye a bango, don sau da yawa ita ce ke ƙonewa. Na yi, shiru. Ya ce na leƙa bayan akwatin, kusa da inda waya take shiga akwai ɗan makunni mai alamar I da O, na tabbatar yana kan I. Yana kai.

Daga nan ya ce, "Allon fa, fitilarsa tana kawowa?" Na ce tana kawowa. Ya ce wannan ya nuna wayar allon lafiyarta lau, kuma da yake bakinsu iri ɗaya ne da ta akwatin, na musanya su. Ya yi mini bayani cewa fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi a Nijeriya yana da ɗan fis a ciki, in wuta ta yi yawa shi yake fara tsinkewa don ya ceci na'ura. Na musanya ina addu'a a zuci. Wayar kwamfutar ta kunna allo tas, ita kuwa kwamfuta ko gezau.

Sai ya ce na zare wayar gaba ɗaya, na danne madannin kunnawa na daƙiƙa 30 don ragowar wutar ciki ta fita, na cire filashi da duk wani abu da aka soka, na bar wayar wuta kaɗai. Nan ma shiru. Ya ce, "Kai hancinki wajen fankar baya." Ina kaiwa na ji ƙauri kamar an ƙona leda.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, mun kama ɓarawon. Fawa fak ne." Ashe wani ɗan akwati ne a ciki da yake karɓar wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ya rage ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3, waɗanda kayan ciki suke iya ɗauka. Hawa da saukar da janareto ya yi lokacin da mai yake ƙarewa shi ya ƙona shi. Ya ja mini kunne sosai: kada na kuskura na kwance shi kansa fawa fak ɗin, don yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare shi daga bango, yana iya halaka mutum. Canza shi ake yi ɗungurungum.

Na ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinsa na tura masa. Bayan kwana huɗu ya aiko da irinsa ta hannun wani direban garinmu. Na ce to wa zai sa? Ya ce, "Ke mana."

'Yan'uwa, ranar hannuna rawa yake kamar mazari. Na zare wuta, na kwance notunan murfi da sukundireba, sai ga ƙurar hunturu dam a ciki har da saƙar gizo. Na share da busasshen burushi. Kamar yadda ya ce, na taɓa ƙarfen akwatin kafin na taɓa komai, na ɗauki hoton yadda kowace waya take kafin na cire ta. Akwai babbar waya mai baki 24, da ƙarama mai baki 4, da siririya mai zuwa had disik. Kowacce ta fuska ɗaya take shiga, in ta ƙi to kin juya ta ne, kada ki tilasta. Ya kuma sa na duba wani ɗan jan makunni a bayan sabon, mai lamba 115 da 230. Ya ce a Amurka wutarsu ba ta kai tamu ƙarfi ba, in aka bar shi a kan 115 aka soka a nan, nan take zai fashe. Na tabbatar yana kan 230.

Inna tana bakin ƙofa da carbi, ƙanwata ta riƙe mini tocila. Na yi bisimilla na danna. Sai fanka ta ɗauki gurnaninta, allo ya kawo haske, ga littafina nan, layi biyu kacal na ƙarshe ne suka ɓata. Ƙanwata ta rangaɗa guɗa, Inna ta ce, "Ashe ɗiyata makanikiya ta!" Ni kuwa kuka na sake fashewa da shi.

A daren ban kwanta ba sai da na kwafe littafin a filashi, na kuma tura wa kaina ta imel. Da kuɗi suka zo, bayan na biya na jarrabawa, sitabilaiza na fara saya, kuma yanzu da na ji muryar janareto ta canza nake adana aikina na kashe kwamfuta.

Don haka ƙannena, in ta gidanku ko ta makarantarku ta ƙi tashi, kada ku buge ta, kada kuma ku zauna kuka irin nawa. Ku fara da soket, sai wayar jone, sai makunnin baya, sai fulogi. In kun ji ƙauri ko kun ga hayaƙi ku zare wuta, kada ku sake kunnawa sai kun tambayi wanda ya sani. Mai rubutu kuma ta ajiye kwafi a wuri biyu tun yau, kada ta jira gobe.

Ina miƙa gaisuwa ga Yayana, Allah Ya ba shi mace tagari.